Shuɗiyar Hula

Ina gadin gidan mai a Arkilla,
dare ya raba, injin wuta ya yi shiru,
saura ni da sauro da rediyo,
sai mai labarai ya hau karanta kasafi
kamar mai zuba tsakuwa a rijiya.

Ya ce an ware kaza bisa kaza,
sifili ya yi yawa, ban riƙe ba,
don a kai samarinmu ƙetare
su tsare wa wasu zaman lafiya.

Na laluba aljihu, ɓarin goro guda.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni,
don kuɗin nan ni na san tafiyarsu,
na san yadda suke fita da ƙiba su iso da rama,
na taɓa zama a ƙarƙashin rariya.

Shekara ashirin ke nan da 'yan kai
da anka jera mu a barikin Giginya,
anka ba mu hula mai launin sama,
anka ce ku ne idon ƙasa a duniya.

Ni da Arzika, ɗan Gwadabawa,
wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi Rima ba,
sai ga mu a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa,
takalmi ya ruɓe, ƙafa ta yi fari,
ga bindiga a hannun yaro ɗan shekara goma
yana kallonka ba ko kunya.

Ba zan ce banza munka yi ba.
Akwai wata gada, wata shida muna kanta.
Ranar da anka buɗe ta, wata tsohuwa ta zo
da keken ɗinki bisa kai, jika a baya,
ta tsaya gabana, ba na jin yarenta,
ta ɗora mini dafaffen rogo a tafin hannu.
Har yau ban ci abin da ya kai shi ba,
kuma ban ga baƙin da ya rubuta shi a takarda ba,
wannan godiya.

Amma ranar biya fa?
Mun sa hannu a kan raƙumi,
anka miƙo mana akala.
Wanda ya buɗe baki, anka ce ya yi tawaye,
sauran munka haɗiye, munka sara,
munka ce Allah ya isa a zuciya.

Arzika bai dawo ba. Zazzaɓi ne, ba harsashi ba.
Hajo ta samu tuta da buhun shinkafa
da takardar da za ta kai ofis.
Ta kai ta har ta yage a lanƙwasa,
yanzu tana tuyar ƙosai a bakin hanya.

Jiya Nomau ƙanena ya kira daga gabas,
murya ƙasa-ƙasa kamar mai satar magana.
Mutanen daji sun aza wa gari kuɗi
kafin a taɓa gero a gona.
Ya sayar da bijimin huɗa, ya cika nasa kason.
Ashe mu ma muna da namu kasafin,
mu ma muna biyan kuɗin zaman lafiya,
sai dai namu ba a karanta shi a rediyo,
a leda ake kai shi, gindin tsamiya.

Ban ce kada a je ba.
Gobarar maƙwabci ba a kallonta da hannu a ƙugu.
Na dai ce a ƙirga a gaban mai takalmi,
a kuma leƙa ɗakin da hayaƙi ke fita a gida.

Hular tana nan. Ige ta rataye ta a ƙusa,
irin albasa take ajiyewa a ciki.
Bube, autana, ya zazzage shi shekaranjiya,
ya sa ta, ya ƙame a gaban madubi,
ya ce, Baba, ta yi mini?

Ta yi masa.
Abin da ya hana ni barci ke nan tun jiya.